Injin Kwale-kwale da Tarihin Kasuwarsa ta Na-hannu

Injin kwale-kwale shi ne wanda ake rataya wa jirgin ruwa daga baya, a ɗaure shi da kusoshi biyu masu murɗawa, a kuma kwance shi a saɓa a kafaɗa idan an dawo gaɓa. Sassa uku ne a jikinsa: kai, inda fistin da kabureta da fulogi suke, doguwar ƙafa wadda sandar ƙarfe ke juyawa a cikinta, sai akwatin giya da farfela a can ƙasa cikin ruwa. Wannan siffa ta haura shekara 100 ba ta sauya ba. Da yake ba a jikin jirgi aka gina shi ba, rayuwarsa daban take da ta jirgin. Katako ya ruɓe, inji yana nan. Mai shi ya rasu, magada su sayar. Ya bar teku ya koma kogi. Don haka cinikin na-hannu tare da injin ya taso, kuma yawancin abin da masana ke dubawa kafin su biya kuɗi a yau, tarihin ƙirarsa ne ya gadar.

Wanda ya fara gwada dabarar Bafaranshe ne, Gustave Trouvé. A 1881 ya ɗaura ƙaramin inji mai aiki da batir a bayan jirgi, ya zaga da shi a kogin Sen da ke Paris. Batirin wancan zamani ga nauyi ga saurin ƙarewa, sai abin bai yaɗu sosai ba. Mai shan fetur a Amurka ya fito: wani kamfani a New York ya ƙera 'yan kaɗan a 1896, sannan Cameron Waterman ya gwada nasa a kogin Detroit a 1905, ya fara sayarwa daga baya. Amma sunan da ya zauna a bakin mutane shi ne na Ole Evinrude, wanda aka haifa a Norwe a 1877, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa jihar Wisconsin yana ɗan shekara 5. Kamfaninsa ya daɗe yana talla da labarin cewa wata rana ya yi tuƙi da filafili ya tsallake tafki don ya sayo wa budurwarsa Bess askirim, kafin ya dawo askirim ɗin ya narke, shi ne ya ƙudura sai ya sa wa jirgi inji. Abin da ya fi labarin nauyi shi ne, a 1909 ya fara sayar da inji mai silinda ɗaya da ƙarfin doki ɗaya da rabi, nauyinsa kilo 28, kuɗinsa dala 62, kuma Bess ɗin, wadda ta zama matarsa, ita ke riƙe da lissafi da rubuta talla.

A 1913 rashin lafiyar Bess ya sa ya sayar da kasonsa, bisa sharaɗin ba zai koma sana'ar ba sai bayan shekara 5. Da ya dawo a 1921 da sabon kamfani mai suna ELTO, ya zo da inji mai silinda biyu wanda aka yi yawancin jikinsa da alminiyam, ya ninka na farko ƙarfi kuma ya fi shi sauƙin ɗauka. Kusan lokaci ɗaya wasu 'yan uwa da ake kira Johnson suka fitar da nasu mai kilo 16 kacal. Tun daga nan alminiyam ya zama jikin injin kwale-kwale, da alherinsa da sharrinsa. Shi ya sa mutum ɗaya ke iya saɓa injin, shi ne kuma ya sa ruwan gishiri ke cin sa, nocin ƙarfe su maƙale a cikinsa har su karye a hannun makanike. A 1929 aka haɗa ELTO da tsohon kamfanin Evinrude, a tsakiyar shekarun 1930 Johnson ya shigo, aka sami babban kamfanin da aka fi sani da OMC.

Babban abokin hamayyarsu kuwa daga gyaran injunan da aka ƙi ya faro. A 1939 Carl Kiekhaefer ya sayi wata masana'anta da ta durƙushe a garin Cedarburg da niyyar ƙera kayan aikin gona, sai ya tarar da injunan jirgi kimanin 300 da wani babban kanti ya mayar saboda ba sa aiki. Ya warware su, ya gyara, ya sake sayar wa kantin, aka kuma nemi ƙari. Mafarin Mercury ke nan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa suka yi sauri: a 1949 aka sami giyar gaba da baya da tsayawa, da tankin mai na daban da ake ajiyewa a cikin jirgi, a 1962 Mercury ya kai ƙarfin doki 100. Sai dai yawancin wannan don nishaɗi ne. Ba'amurke yana fita da jirginsa ne ranakun hutu a lokacin zafi, sauran shekara inji na ajiye a gareji.

Japan ce ta mai da shi kayan aiki. Tohatsu ya fitar da nasa a 1956, Yamaha a 1960 da wani mai ƙarfin doki 7 da aka ɗauko tushensa daga injin babur, Honda a 1964, Suzuki a 1965. Masu saye na farko a can masunta ne da ke fita teku kullum, kuma ba su ji nauyin faɗa wa Yamaha cewa injinsa na farko ƙara da jijjiga sun yi masa yawa ba. Da kamfanin ya fara kai kaya ƙasashen Asiya da Afirka da Kudancin Amurka, injiniyoyinsa suka tarar da abin da ba a tsara injin dominsa ba: ruwa mai laka da yashi da ke cinye famfon sanyaya inji, fetur maras tsabta, lodi fiye da kima, da aiki daga asuba zuwa magariba. Daga nan aka fitar da jerin da ake kira Enduro a shekarun 1970. Ba shi da ƙawa. Da igiya ake tayar da shi, ba ya bukatar batir, an ƙarfafa sassan da ke saurin ci, kuma ana iya warware shi da sifana da sukuddireba a kan tabarma. Har akwai wanda ake tayarwa da fetur sannan ya ci gaba da kananzir, don wuraren da kananzir ya fi araha.

A Afirka ta Yamma bakin teku ne ya fara karɓa. A Senegal da Gana an soma sa wa jiragen masunta inji tun shekarun 1950. Jirgin Fante na Gana, wanda ake sassaƙawa daga gungumen icen wawa, bayansa tsini ne, ba inda za a rataya inji, sai masassaƙa suka kafa masa maƙalin katako a gefe. Har yau haka ake yi, kuma mai ƙarfin doki 40 shi ne abin da aka saba gani. Gwamnatin Gana ma ta daɗe tana sayar wa masunta fetur da aka riga aka gauraya da baƙin mai a farashi mai rangwame.

A ruwayen cikin ƙasa, inda Hausawa ke da hannu dumu-dumu, labarin ya bi wata hanya. Sarkawan Kabi, masuntan da suka bazu daga yankin Argungu zuwa Yawuri da Binuwai da Tafkin Chadi, sun yi ɗaruruwan shekaru suna aiki da filafili da gora. Gangara ba wuya. Hawa ne azaba, domin jirgi mai kaya sai an bi da shi gefen gaɓa ana dogara gora, tafiyar yini ta zama ta kwanaki. Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, ta sauya yanayin wurin baki ɗaya. Ruwa ya cinye tsohuwar Busa, aka sake wa mutane sama da dubu 40 matsuguni, kogi ya zama tafki mai tsawon kilomita sama da 130, da faɗin da a wani wuri ba a hango ɗaya gaɓar. Iska na tayar da igiyar ruwa a irin wannan fili, gora kuma ba ta taɓa ƙasa. Ƙauyen da a da ake zuwa da ƙafa ya koma tsallake. A nan inji ya zama dole, kuma abin lura shi ne ya fi shiga sufuri fiye da kamun kifi. Masunci mai ƙaramin kwale-kwale yakan ci gaba da filafilinsa a kusa da gida, amma babban jirgin katako da ke kwasar mutane da buhunan hatsi da kwandunan banda da awaki da babura zuwa kasuwar Yawuri ba ya motsi sai da inji. Ranar kasuwa ita ce ranar da injuna ke cin wuya.

Haka abin ya kasance a Tafkin Chadi. A shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita kusan dubu 25, kuma Buduma, mutanen tsibirai, da jiragen da suke ɗaurawa da ciyawar ruwa suke yawo. Komar roba, da hanyar mota daga Maiduguri zuwa Baga, da kasuwar banda a kudancin Najeriya suka jawo masunta da 'yan kasuwa daga nesa, Hausawa da yawa a cikinsu, tare da jiragen katako masu inji. Farin 1973 da na 1984 sun janye ruwan, tashoshi suka riƙa bin sa, tafiya ta koma ta cikin kwazazzabai masu ciyawa inda farfela ke naɗo saiwa tana dukan laka. A Tafkin Bolta na Gana, wanda madatsar Akosombo ta haifar a 1965, kututturan itatuwan da ruwa ya rufe su ne abin tsoron direbobin jiragen Yeji. Kowane ruwa da irin tabon da yake bar wa inji, kuma makaniken da ya san aikinsa yakan gane inda inji ya yi zama daga kallon ƙafarsa.

Da farko sababbi ake saye. A Najeriya kamfanin John Holt ya daɗe yana rarraba injunan Yamaha, kuma a zamanin da kuɗin man fetur ya yalwata gwamnati ta sayar wa ƙungiyoyin masunta injuna da komaye a kan rangwame. Karyewar naira daga 1986, da rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994, suka sa sabon inji ya fi ƙarfin yawancin masu jirgi. Nan ne na-hannu ya zama shi ne kasuwa. Wasu daga Turai da Japan suke shigowa ta Kwatano da Legas, wasu daga masuntan bakin teku suke haurowa arewa, wasu kuma a gida ake haɗa su: kan wannan, ƙafar wancan, murfin na uku. Kowace babbar tasha ta sami rumfar makanikai, da durom cike da ruwa da ake rataya inji a ciki don gwaji, da tarin matattun injuna da ake ciro wa kaya.

Ana cikin haka sai ƙasashen da ake ƙera injin suka juya masa baya. Tsohon tsarin shi ne mai bugu biyu, irin na tsofaffin babura masu hayaƙi, wanda ake gauraya masa baƙin mai a cikin fetur. Sauƙi gare shi da ƙarfi, amma wani kaso na man yana fita ba tare da ya ƙone ba, ya shiga ruwa. A 1996 hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa doka cewa daga 1998 zuwa 2006 a rage wannan gurɓatawa da kashi 75 cikin 100, Turai ma ta bi sahu. Kamfanonin Japan suka karkata ga mai bugu huɗu, wanda ke da ma'ajin baƙin mai daban kamar na mota, kuma wanda Honda ke yi tun 1964. OMC ya zuba dukiyarsa a wata fasahar fesa mai da kwamfuta ke sarrafawa, wadda ake kira FICHT, injunan farko suka riƙa lalacewa, kamfanin ya karye a Disambar 2000. Bombardier na Kanada ya sayi sunayen Evinrude da Johnson a 2001. An daina Johnson a 2007, Evinrude kuma a Mayun 2020, bayan shekara 111. Yamaha dai ya ci gaba da ƙera Enduro mai bugu biyu don kasuwannin Afirka da Asiya, kamfanonin Sin irin su Parsun suka shigo da masu kama da shi a farashi ƙasa.

Wannan ya raba kasuwar na-hannu gida biyu. Akwai injin da ya fito daga ƙasar masu nishaɗi, fentinsa na sheƙi, bai yi aiki da yawa ba, amma cikinsa wayoyi ne da kwamfuta, idan ya tsaya sai an jona masa na'ura kafin a san ciwonsa, wani ma kamfaninsa ya rufe. Akwai kuma tsohon mai bugu biyu da ya sha wuya, wanda yaron makanike ya san kowane noti a jikinsa. Mai saye da bai san tarihin nan ba, sheƙi yake bi.

Dubawa tana farawa ne kafin a tayar. Mai saye yakan ɗora tafin hannu a kan injin, domin wanda aka ɗumama kafin zuwansa yana ɓoye wahalar tashi, kuma injin kirki daga sanyi yake tashi da ja kaɗan. Sai a ja igiya a hankali a ji turjiya. Wannan turjiya ita ce matsin iska a cikin silinda, kuma ita ce ran inji. Inda akwai ma'auni, ana cire fulogi a auna kowace silinda, kuma abin da ake nema shi ne su yi kusa da juna; idan ɗaya ta gaza ɗaya da fiye da kashi 10 cikin 100, ringi ko fistin ko bangon silinda ya ci. Fulogin da aka cire ma shaida ne: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, digon ruwa ko tsatsa a bakinsa alamar ruwa na shiga inda bai kamata ba. A mai bugu biyu yawancin irin wannan lalacewa daga rowar baƙin mai take. Ma'aunin da aka saba shi ne kashi 1 na mai cikin 50 na fetur, wato rabin lita a tanki mai lita 25, kuma duk wanda ya rage don tsimi, ko ya zuba man da aka juye daga mota, boris da karanshaf ne za su biya.

Daga nan sai ƙasa. Makanike yakan tsugunna ya sassauta notin da ke gindin akwatin giya, ya tari digon farko a yatsa, ya murza, ya duba a hasken rana. Man giya mai lafiya garau yake ko ya ɗan yi duhu. Idan ya fito da launin shayi da madara, ruwa ya shiga ta robar da ke bayan farfela, sau da yawa saboda zaren koma da ya naɗe a wurin ya yanke ta. Idan ya ji ɓarɓashin ƙarfe a yatsa, haƙoran giya sun fara cin juna, kuma ƙafar inji ba ƙaramin kuɗi ba ce. Yakan kuma juya farfela da hannu yana kallon tsakiyarta. In tana rawa, sandar ta lanƙwashe daga dukan kututture ko dutse.

Ba a tayar da injin nan a busashe, ko na minti ɗaya. Abin da ke tura ruwan sanyaya shi wata 'yar farfelar roba ce a cikin ƙafa, ruwan ne kuma ke jiƙa ta, in babu shi nan da nan take ƙonewa. Shaidar cewa tana aiki ita ce siririn ruwan da inji ke tsartowa ta baya. Tsartuwa mai ƙarfi lafiya, mai rauni ko mai yankewa tana nufin roba ta tsufa ko hanyar ruwa ta toshe da laka ko gishiri. Fentin da ya ƙone ya sauya launi a kan silinda yana nuna injin ya taɓa yin zafi fiye da kima. Robar tana lalacewa da zama ma, ba da aiki kaɗai ba, haka fetur ke daskarewa ya toshe kabureta, shi ya sa injin da ya yi shekaru a ɗaki ba sabo ba ne, ko da mai shi ya rantse bai yi aiki ba. Wanda ya fito daga teku kuwa ana gane shi da farin gari a gindin noci da fenti mai kumbura, kuma sabon fenti a kan tsohon inji dalili ne na ƙara dubawa.

Akwai abu biyu da ba na lafiyar inji ba amma suna jawo asara. Na farko tsawon ƙafa. Masana'antu sun daidaita a kan inci 15 da 20 da 25, gwargwadon tsayin katakon bayan jirgi, kuma faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela ya kamata ya yi daidai da gindin jirgin. Gajeriyar ƙafa a dogon jirgi iska take sha, inji ya yi ta ihu jirgi bai tafiya, famfo kuma ya rasa ruwa. Doguwa a gajeren jirgi tana ƙara ja da shan mai, tana kuma dukan ƙasa a ruwa maras zurfi. Na biyu lamba. Abin da ake iya saɓawa a kafaɗa ana iya sace shi, kuma satar inji tsohuwar masifa ce a kowace tasha. Farantin da ke ɗauke da samfuri da lamba yana jikin maƙalin. In an kankare shi ko an cire, a bar cinikin. Shi ya sa a tashoshi da yawa ba a ƙulla ciniki sai da shaidu da takarda, a gaban shugabannin masu jirgi ko Sarkin Ruwa.

Gwajin durom yana nuna inji na tashi ne kawai. Hukunci sai a ruwa, a jikin jirgi, da kaya. A nan ake jin ko giya na shiga gaba da baya ba tare da ƙara ba, ko tana fita da kanta in an ba da wuta, ko inji na riƙe ƙarfinsa bayan ya yi rabin sa'a yana aiki. Lalacewar sashen wuta da yawa ba ta bayyana sai inji ya yi zafi, kuma injin da ya mutu a tsakiyar kogi da damina, jirgi cike da mutane, ya bar jirgin a hannun igiyar ruwa.

Tun da aka janye tallafin fetur a Najeriya a Mayun 2023, shan mai ya shigo lissafi fiye da da, kuma a nan mai bugu huɗu yana da hujja, domin ya fi tsimi kuma ba a saya masa man gauraye. A garin da ke da wakilin kamfani da makaniken da ya koyi aikinsa, zaɓi ne mai kyau. A tashar da ke nesa da birni kuwa, injin na-hannu abin dogaro shi ne wanda matsinsa ya daidaita, man giyarsa ba ruwa, lambarsa na nan, kuma ake samun fistin da ringi da robar famfonsa a kasuwar da ta fi kusa. A yawancin tashoshin Neja da Binuwai da Tafkin Chadi, wannan har yanzu yana nufin mai bugu biyu, mai igiya, mai ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40.